Goron da Ba Mu Kai Ba

Da gyaɗa na fara. Har yau in na shiga wurin Yayana da ƙullin gyaɗa a hannu sai matarsa ta ce, "Yara ku matso, Farfesa zai buɗe aji." Ita ta laƙaba min sunan, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ni ko sakandare da ƙyar na ƙarasa. Duk ɗan abin da na sani a waya na koye shi, a gindin bishiyar garejinmu da ke Apo, in babu motar da zan duba wa wayoyin wuta.

Lokacin muna Lugbe, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna. Ni ina ɗakin bakin ƙofa. Yaya da matarsa, wadda nake ce wa Anti, da 'ya'yansu maza biyu suna can ciki. Famfo ɗaya, banɗaki biyu. Da safe bokitai ne ke bin layi, masu su na ɗaki suna leƙowa. Sanda na zo gidan akwai filin shanya a tsakar gida. Kafin shekara uku mai gidan ya gina ɗakuna a wurin, shanya ta koma kan katanga. In ka fito titin filin jirgi kuwa, motoci ne cunkus, kowace ta ɗauki mutum shida, ga wasu ninkinsu a tsaye bakin hanya suna ɗaga hannu. Wata rana ina matse a bayan mota, gwiwar wani a haƙarƙarina, na tambayi kaina, wai duk daga ina mutanen nan ke fitowa? Ina isa gareji na rubuta tambayar a waya da guntun Turancina. To, daga ranar ban sake zama lafiya ba.

Na karanta, na kalli bidiyo, na sake karantawa. Abin da ya fi kama ni shi ne yadda mutane ke ninkuwa. Ba ƙaruwa ba fa, ninkuwa! Sai na rasa yadda zan nuna wa mutane, har dabarar gyaɗa ta zo min. Faranti biyu nake samu. A na farko in ajiye ƙwaya biyu, miji da mata. In ba su 'ya'ya shida. Kowanne a cikin shidan in ba shi shida. Kafin in kai layi na huɗu faranti ya cika, gyaɗa na zuba ƙasa. A na biyun kuwa, ƙwaya biyu su haifi biyu, sannan in ɗauko guda daga farantin da ya cika in ƙara musu.

"Kun gani?" in ce. "Ba a hana kowa ɗa ba. Wanda ke son gida ya cika, ga yara nan an riga an haife su, babu mai riƙe su. Ya ɗauki ɗaya. Yaro ya samu gida, gari ya samu numfashi."

Ran da na fara yi wa Anti, ina cikin bayani yaranta suka yi wa farantin farko dirar mikiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "To Farfesa, ga shi sun cinye jikokin, an rage jama'a. Saura me?"

A gareji ma ban bar kowa ya huta ba. Ogan garejin, wani Bayerabe da ya daɗe cikin Hausawa, yakan leƙo ya ce, "Farfesa, motar mutane yana jira, kai kana haifi gyaɗa." Wani Bakano mai shagon kayan gyara kuwa kullum amsarsa ɗaya: "Kai yaro, Allah ne ke ciyarwa." Ni kuma in ce, "Na yarda, Alhaji. Maraya ma Allah ke ciyar da shi, amma ta hannun wani." Sai ya ce, "Kai da ko budurwa ba ka da ita, ka zo kana tsara wa duniya haihuwa." A kwashe da dariya, in ci gaba.

A gida dai maganar ba ta dariya ba ce zalla. Duka yaran Anti da tiyata aka ciro su, na biyun saura kaɗan ya tafi da ita. Likita ya gaya wa Yaya a gabanta kada ta sake. Ita kuma 'ya mace take so. Duk yarinyar da ke gidan hayar nan Anti ce ke mata kitso, ta sayo ribom da kuɗinta ta ɗaura musu. Ga Inna, mahaifiyarmu, can gida a ƙasar Katsina, duk Juma'a in ta kira sai ta ƙare da, "Babu wani labari?" Yaya ya ce babu. Ta ce, "To, Allah ya kawo." Anti na jin komai, don wayar Yaya ƙara gare ta.

A bayan gidanmu akwai wata baca, 'yar bukkar kwano. Wani mai ruwa ne a ciki da matarsa da yara biyar, mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Zamfara. Shi ke turo mana kurar jarkoki in famfo ya ɗauke. Mutum ne marar magana, in ka gaishe shi sai ya yi murmushi ya ce, "Muna nan dai." Cikin wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu ya rasu. Mu 'yan unguwa muka yi masa sutura, a nan Abuja aka binne shi. Ni ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ƙaramar 'yarsa watanta bakwai. Uwar na takaba, ga damuwa, ga rashin abinci, nono ya ɗauke. Anti ta fara ɗauko jaririyar ta wuni da ita. A lokacin ba ta yaye ƙaramin nata ba. Ta aika aka tambayi limamin unguwa, ya ce babu laifi, sai dai a sani in ta shayar da ita ta zama ƙanwar yaranta har abada, babu aure tsakaninsu. Anti ta ce ai abin da take so ke nan. Ta sa ta a nono.

Da takaba ta ƙare matar ta ce za ta koma gida. Ranar da na ji, na samu Yaya yana wanke ƙafa a bakin famfo, na ce, "Yaya, farantin nan fa ya zo har ƙofar ɗakinka."

Ya ɗago ya dube ni. "Wane faranti kuma?"

"Yarinyar nan. Uwarta za ta tafi da biyar, ba ta da abin ba su. Anti na son mace, likita ya hana. Me ake jira?"

Ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Amma washegari shi da kansa ya yi wa Anti maganar, ita kuwa kuka kawai ta sa.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kowa ya sani. Inna kanta ta riƙe 'yar ƙanwarta har ta aurar. Amma ni a lokacin gani nake irin namu na gida ba shi da tsari. Wanda na gani a waya, na ƙasashen waje, shi ne na gaske: takarda, sa hannu, yaro ya zama naka gaba ɗaya. Don haka na zauna na tsara takarda da kaina, na kai shagon masu buga takardu aka buga min, har da layi biyu na shaidu. Na sayo tawadar dangwale. Na karanta wa uwar, ta dangwala yatsa tana share hawaye da bakin mayafi.

Tana goge yatsan ta ce, "Sai dai fa babanta yana da wa a gida. Shi ne babba. Ya kamata a ce an je masa."

Na ce, "Haba, ai ke kika haife ta. Wa ya fi uwa iko da ɗa? Ga takarda kuma."

Yaya ya ce, "A'a, gaskiyarta. Bayan Sallah ma je mu gaishe shi."

Sallah ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. Kullum da abin da zai taso, ni kuma duk sanda Yaya ya tuna sai in ce, "Takarda na nan a akwati, kwantar da hankalinka." Muka ji labarin uwar ta yi aure a wani gari, sauran yara huɗun suna hannun wan babansu. Daga nan lambarta ta daina shiga.

Anti ta sa wa yarinyar Auta. Sunan yankanta na nan, amma babu mai kiran ta da shi. Da Inna ta ji sai da ta ɗaga murya a waya. "Auta? Wa ya ce muku an rufe? Tun yanzu?" Daga ranar ko sau ɗaya ba ta kira ta haka ba. In ta tambaya sai ta ce, "Ya 'yar mai ruwa?"

Auta na shekara biyu muka bar Lugbe. Yaya ya samu ɗan fili a Kurudu ya yi ɗaki biyu, ni ma ya yi min ɗaya a gefe. Da muka tare, masara ce a gabanmu da bayanmu, har tsoron maciji muke. Yanzu je ka gani, bulo ne ko'ina. Wannan ma na sa shi a cikin darasina.

A nan ta yi wayo. Baba Ƙarami take ce min. In na dawo daga aiki ita ke fara tarata, hannu a aljihuna tana neman gyaɗa. Ta haddace darasin kaf. Takan jera duwatsu a ƙofar gida ta tara yaran maƙwabta tana cewa, "Wannan ya haifi shida, wannan ma shida, kun gani ya cika." Ni kuwa in tsaya ina washe baki, ina cewa ga ɗalibata ta farko.

Da ta isa shiga makaranta, ni aka ba fom in cike, tunda ni ne Farfesa. Na rubuta sunanta. Na zo gurbin sunan uba. Wallahi ko daƙiƙa ɗaya ban tsaya ba, na rubuta sunan Yaya. A raina ai shi ne uban, shi ke ciyarwa, shi ke kai ta asibiti, kuma haka na ga ana yi. Ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Yaya ba ya duba takarda, Anti kuma maki kawai take tambaya.

Ashe akwai wani mai rake a ƙofar makarantar, ɗan ƙauyen su marigayi ne. Ya ga kama a fuskarta. Wata rana ya miƙa mata guntun rake ya ce, "'Yar wa ce ke?" Ita kuma ta tsaya ƙyam, ta rero sunanta da na uba kamar yadda ake kira a aji. Ya bi ta a baya har ya ga gidan. Ya tambayi maƙwabta, suka ba shi labari. Ya buga waya gida.

Ranar wata Lahadi da hantsi muka ji sallama. Wani dattijo ne dogo, siriri, da farar riga da ta sha wanki, mai raken na bayansa. Ya ce shi ne wan marigayi, baffan yarinyar. Yaya ya shimfiɗa tabarma da sauri. Anti ta kawo ruwa a kofi ta durƙusa ta ajiye. Ya amsa gaisuwa, amma ruwan ko kallonsa bai yi ba. Ni ban lura ba. Yaya kuwa ya lura.

Dattijon ya ce, "Na zo ne in tafi da 'yar ƙanena."

Kafin Yaya ya buɗe baki na tashi na ɗauko takardata. Na miƙa masa da hannu biyu, ina jin yau ranata ce. Ya juya ta, ya dawo min da ita. "Ban yi boko ba. Karanta min."

Na karanta tun daga sama har ƙasa, ina fassarawa. Ya saurara har na gama.

"Ina sunana a ciki?"

"Baba, ai mahaifiyarta ce ta..."

"Na ji na uwarta. Na ji na yayanka. Na ji naka, har sau biyu. Nawa nake tambaya."

Na ce babu.

"To. Kuma an ce min a makaranta an sauya mata uba. Ƙanena yana kabari, ku kuma kun binne sunansa. Da gaske ne?"

Yaya ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a idonsa ba. Da na yi shiru a nan, da wataƙila an samu bakin gyara. Amma ina, bakina ya riga ya saba. Na gyara zama na ce, "Baba, ka duba abin da idon basira. Mutane sun yi yawa a ƙasar nan. Kai kanka an ce kana da 'ya'ya goma sha wani abu, ga huɗu na marigayi a kanka. Yara sun yi maka yawa. Mu mun rage maka nauyi ne, kuma..."

"Sun yi min yawa?"

"Ina nufin..."

"Wanne ne a cikinsu ya yi yawa? Faɗa min sunansa. In na koma sai in kira shi in ce, wane, an ƙirga a Abuja, kai ne ka yi yawa."

Mai rake ya sunkuyar da kai. Yaya ya ce min, "Tashi ka ba mu wuri." Na tashi.

Daga ɗakina ina jin Yaya na ba da haƙuri, dattijon na cewa shi bai zo faɗa ba, kuma ya gode da ɗawainiya, Allah ya saka. Amma gobe da safe zai zo ya tafi da ita. Yaya ya san ba shi da ta cewa. 'Ya ta dangin ubanta ce, ko gaban wa aka je.

Da la'asar Anti ta zaunar da Auta tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso, ƙanana, irin masu daɗewa. Ba ta yi kuka a gabanta ba. Ta ce mata za ta je ganin 'yan uwanta ne, akwai awaki da jakuna. Auta sai tsalle. Ta zo ta same ni ta ce, "Baba Ƙarami, jaki yana cin gyaɗa?" Na ce yana ci. Na juye mata duk wadda ke aljihuna.

Da safe suka tafi.

Anti ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Abinci na nan a ƙofar ɗakina kullum, a rufe. Amma ta daina ce min Farfesa. "Ga abincinka," shi ke nan. Yaran suka daina wasa a ƙofar gida. Takalmin makarantar Auta yana nan inda ta cire shi, babu wanda ya iya ɗaukewa. A gareji na haɗa wa wata mota waya a karkace har fis ɗin wutar ya ƙone, oga ya dube ni ya ce, "Kai, je ka zauna, kanka ba ta nan."

Kwana goma sai ga Inna, ba ta ko ce tana tafe ba. Ta sauka daga babur da ƙullin kayanta, ta zauna, ta sha ruwa, sannan ta ce a faɗa mata komai. Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika duban sa in tana magana ba. Don haka ni ta fuskanta, amma da mu biyu take.

"Shekara biyar kuna riƙe da 'yar mutane, ko goro ɗaya ba ku kai ba?"

Na ce, "Inna, akwai takarda..."

"Rufe min baki da takarda. Takarda ce za ta ɗaura mata aure? Ni da na riƙi 'yar ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya muke, sai da mahaifinku ya taka har gidan kakanta na wajen uba ya roƙa. Ba a ɗaukar ɗa, ba da shi ake yi. Shi wancan babban ai ya sani, ya biye wa mai waya."

Na ce a hankali, "Na ɗauka ba kya son ta, Inna."

Ta harare ni. "Ta sha nonon gidan nan ko ba ta sha ba? To jikata ce. Abin da nake so daban, abin da ya riga ya faru daban."

Ita ta tsara komai. Ta ce in fara zuwa makaranta in gyara ɓarnar da na yi. Na je na tsaya gaban shugabar makarantar na ce ni na yi kuskure, aka sauya, aka ba ni sabuwar takarda da sunan marigayi a inda ya kamata. Inna ta sa Yaya ya sayo ƙwaryar goro, ita ta zaɓa da hannunta, fari da ja, aka naɗe a ganye. Ta ce da ni za a je, tunda ni na yi ɓatancin. "Amma in ka buɗe baki ba a tambaye ka ba, a can zan bar ka."

Mota uku muka hau, sannan babur. Muka isa bayan azahar, gero ya yi kai ana shirin girbi. Tun daga nesa na hango Auta a ƙofar gida cikin yara, kitson ya tsufa, ƙafa duk ƙasa. Ta gan mu ta sheƙo da gudu ta maƙale Yaya, tana tambaya ina Mama. Yayyenta huɗu suka tsaya suna kallonmu. Kamarsu ɗaya sak. Ban taɓa tunaninsu ba sai ranar, a lissafina su gyaɗar ɗaya farantin ce kawai.

Baffan ya karɓe mu a zaure. Aka kawo mana fura. Inna ta sha sosai, ta yaba, ta tambayi amfanin gona, ta yi masa gaisuwar ƙanensa kamar jiya ya rasu. Sai da aka daɗe sannan ta tura goron gabansa.

"Malam, mun zo neman abin da ya kamata mu nema tun shekara biyar. Yarana sun yi wauta, sun shiga gona ba su yi sallama ba. 'Ya taka ce, ba mu da ja. Riƙo muke roƙo, in ka ga za ka iya. In ba ka iya ba, goron na gaisuwa ne, mun gode."

Ta yi min ido, na miƙa takardar makarantar. Ya ce in karanta. Na karanta sunan yarinyar, na karanta na ubanta. Ya ce in sake. Na sake.

Ya gyara zama. Da ya buɗe baki, ba maganar Auta ya fara ba.

"Ni na raka shi tasha ran da zai tafi Abuja. Na ce ya zauna mu yi noma, ya ce gonar ba za ta ishe mu mu biyu ba. Kuma gaskiyarsa, ba ta isa." Ya ɗan dube ni. "Ka ji, mai ƙirga? Ban ce ƙarya kake ba. Gonar da ubanmu ya noma shi kaɗai, yau gida shida ke ci. Na sani. Amma ya tafi, ban ga gawarsa ba, ban san inda kabarinsa yake ba. Sai kawai in ji wai 'yarsa na can tana amsa sunan wani. Babu wanda ya tambaye ni, Hajiya. Da an tambaye ni, me zai sa in hana? Ina da abin da zan ba ta da ya fi makaranta?"

Bakina ya yi ta motsi. Inna ta taka min ƙafa. Amma ya riga ya gani, ya ce, "Bar shi ya faɗa."

Na ce, "Baba, ni na san kabarin. Ina cikin waɗanda suka ɗauke shi. Kuma ka yafe min."

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya jawo goron ya kwance, ya ɗauki ɗaya ya fasa, ya miƙa wa Inna rabi. Sannan ya faɗi nasa: sunan ubanta ba ya sake motsi. Duk babbar Sallah a kawo ta ta ga 'yan uwanta. Ran da miji ya fito mata, shi baffan ne waliyyi, ko wanda ya bari a gidan. Yaya ya ce ya amince da duka.

Na miƙe a raina na ce to a ɗauko kayanta. Sai ya ce, "Ku tafi. Ba a zuwa a ɗauka. In na gama girbi ni zan kawo ta da ƙafata."

Haka muka juyo babu ita, tana ihu tana birgima, wata yayarta na riƙe da ita. A mota na ce, "Inna, in bai kawo ta ba fa?" Ta ce, "Ya ci goro." Ba ta ƙara ba.

Sati uku Anti na share ƙofar gida sau biyu a rana. Inna ta ƙi komawa gida, wai ƙafarta ke ciwo. Ranar wata Asabar ina wanki na ji yaran sun kwasa da gudu suna ihu. Ga dattijon tafe da farar rigarsa, ɗan buhun gero a kai, Auta na gaba da kaza a rungume. Anti ta fito ba ko mayafi. Ya kama hannun yarinyar ya sa a na Yaya, ya ce, "Ga amana." Aka shimfiɗa tabarma, Anti ta kawo ruwa. Ya shanye, ya ce a ƙaro.

Inna na zaune bakin ƙofa ta ce, "Ke Auta, zo nan in ga kan nan, wa ya bar ki haka kamar sheƙar tsuntsu?" Ni da Anti muka haɗa ido.

Washegari ban je gareji ba. Na ɗauki baffan a babur ɗin wani abokina muka tafi maƙabarta. Na sha wuya kafin in gane wurin, don layuka da yawa sun ƙaru a gaban nasa. Ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, ya cire 'yan ciyayin da suka fito a kai. Da muka fito ya ce, "Nan ma ta cika."

Har gobe ina nan kan bakana. Mutane na ninkuwa, gari na matsewa, kuma wanda Allah ya ba biyu ya riƙe na uku daga waɗanda aka riga aka haifa ya yi abin kirki, ga kansa da ga kowa. Wani mai fenti a garejinmu ma ya zo kwanan baya yana tambayata yadda muka yi, akwai ɗan maƙwabcinsa da ya rasa iyaye. Na ciro gyaɗa zan fara jerawa, sai na mayar da ita aljihu. Na ce masa, "Yaron yana da baffa? To bari in nuna maka inda ake sayar da goro mai kyau."